Fodkas: Yadda Ɗalibi Zai Koye Shi da Inda Zai Ɗauki Murya a Yankin Kafanchan

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi kwas ɗin Adabin Baka ya san cewa Bahaushe mutum ne mai kunne. Tun kafin boko da jarida, ta kunne ya karɓi tatsuniya da kirari da wa'azi da shelar sarki. Da rediyo ya zo bai yi masa baƙunta ba: Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Bayan haka kaset ya shigo, har ta kai mutum yakan ɗauki muryarsa a rikoda ya ba mai tafiya Makka ya kai wa ɗan'uwansa a madadin wasiƙa. Fodkas jikan waɗannan ne. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ɗan jami'a, ɗalibi ne ko malami ko ma'aikaci, zai koyi shirya shi, da kuma wuraren da zai nema domin ɗaukar murya, musamman ga wanda yake zaune ko yake yin hutunsa a Madakiya da Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna.

Abin da ya jawo rubutun shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, wai "ina son in fara, amma ba mu da situdiyo." A ganina wannan uzuri ya fi ƙarfin matsalar. Situdiyo ba komai ba ne illa ɗakin da aka kori hayaniya daga cikinsa, kuma wanda ya fahimci yadda sauti yake tafiya zai iya samun irin wannan ɗaki a inda bai zata ba.

Mene ne fodkas?

Fodkas shiri ne na sauraro da ake ɗauka a ajiye a intanet kashi-kashi, mai sauraro ya sauke shi a wayarsa ya ji a lokacin da ya ga dama. Sunan ya fara fitowa ne a wani rubutu da ɗan jarida Ben Hammersley ya yi a jaridar The Guardian ta Ingila a watan Fabrairu na 2004, inda aka haɗa sunan na'urar iPod ta kamfanin Apple da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A watan Yuni na 2005 Apple ya sanya shi cikin manhajarsa ta iTunes, daga nan abin ya fara yaɗuwa. Sai dai bai zama abin da kowa ke magana a kai ba sai a 2014, lokacin da shirin Serial na Amurka, wanda ya bi diddigin wata shari'ar kisan kai mako bayan mako, ya ja hankalin miliyoyin mutane. A Hausa ma an shiga fagen, domin jaridar Aminiya ta fito da Najeriya A Yau da kuma Daga Laraba, manyan gidajen rediyon ƙetare kuma suna ɗora shirye-shiryensu ta wannan hanya.

Bambancinsa da rediyo biyu ne. Na farko, rediyo shi yake sa maka lokaci, in ka makara ya wuce ka, shi kuwa fodkas yana nan yana jiranka. Na biyu, kafa tashar rediyo sai da lasisin Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, da mita da eriya da injin watsawa, amma mai fodkas ba ya bukatar mita ko eriya. Bambancinsa da muryar da ake turawa a WhatsApp kuwa shi ne yana da adireshi na dindindin, wanda masana kwamfuta ke kira RSS. Duk wanda ya yi rajista da wannan adireshi, da zarar an ɗora sabon kashi wayarsa za ta sanar da shi.

Game da suna, na ji masu cewa "rediyon aljihu", na ji masu cewa "shirin sauraro na intanet". Na farkon ya fi daɗin faɗa, amma ƙaramin rediyo mai batir ya riga ya mallaki wannan suna. Na biyun daidai ne, sai dai ya yi tsawo. Kafin malamanmu na fassara su yanke hukunci, na ari kalmar na hausantar da ita, kamar yadda magabata suka yi wa mota da rediyon kansa.

Kafin makirufo: me za ka faɗa?

Yawancin fodkas ɗin da ke mutuwa ba rashin kayan aiki ke kashe su ba. Abokai uku ne za su zauna su yi hira a kan "al'amuran yau da kullum", kashi na farko ya yi armashi, na biyu ya yi dama-dama, kafin na huɗu zance ya ƙare. Saboda haka aikin farko shi ne mutum ya zauna da biro ya rubuta take goma na kashi goma. Idan sun ƙi cika goma, to jigon bai nuna ba tukuna.

Ɗalibin Hausa da ke kudancin Kaduna bai kamata ya rasa abin faɗa ba, domin yana zaune ne a kan taskar da mutanen Kano da Sakkwato ba su da irinta. A nan Hausa harshen haɗuwa ce. Mutumin Madakiya mai jin Jju, da na Zangon Katab mai jin Tyap, da na Kagoro, da na Kwoi mai jin Hyam, da Bafulatani, da Bahaushen cikin garin Kafanchan, idan suka haɗu a kasuwa ko a mota Hausa ce take haɗa su. Wannan Hausa tana da kamanninta. Mai sauraro zai ji wasu ba su bambanta jinsin namiji da na mace a cikin jimla, zai ji wasu suna furta ɓ kamar b, ƙ kamar k, zai kuma ji kalmomin da aka aro daga harsunan yankin da Ingilishi. A aji mukan karanta irin wannan bayani a takarda, amma takarda kurma ce. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kuka na hawaye da kuka ta miya suke kama ɗaya a rubuce, alhali kunne ba ya haɗa su. Murya kaɗai take riƙe da waɗannan abubuwa. Abin lura a nan, ba a ɗaukar irin wannan Hausa domin a yi wa masu ita dariya ko gyara. Ana ɗauka ne domin a san yadda harshe yake rayuwa a bakin waɗanda ba a haife su da shi ba.

Akwai darasi a tarihi. Wani hafsan Ingila mai suna A. J. N. Tremearne ya tattara tatsuniyoyin Hausa a Jama'an Daroro, tsohuwar hedikwatar masarautar Jama'a kafin a dawo da ita Kafanchan, a shekarun 1908 da 1909. A 1913 ya buga fassarar guda 100 a cikin littafinsa Hausa Superstitions and Customs. Labaran sun iso gare mu, amma muryar masu ba da su ba ta iso ba. Ba mu san yadda suka rera waƙoƙin da ke cikin tatsuniyoyin ba, ba mu san yadda suka kwaikwayi muryar Gizo ba, ba mu ji inda 'yan sauraro suka fashe da dariya ba. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau za ta iya abin da alƙalamin Tremearne ya kasa.

Ba tatsuniya kaɗai ba. Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun a ƙarshen shekarun 1920, kuma tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'ya'yansu suna da labarin yadda garin ya tara ƙabilu daga ko'ina a Nijeriya. Akwai bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Akwai citta, wadda yankin ya yi fice wajen nomanta, da kuma cutar da ta afka mata a daminar 2023 ta durƙusar da manoma a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Ɗalibin aikin gona da ke reshen Kafanchan na Jami'ar Jihar Kaduna yana da ilimin, ɗalibin Hausa yana da harshen. Su biyun idan suka haɗa kai za su yi shirin minti 15 da manomi zai saurara a gona ya ƙaru.

Kayan aiki

Ba zan daɗe a nan ba, domin a nan ne mutane suka fi ɓata kuɗi. Waya mai manhajar ɗaukar murya, da abin sauraro na kunne, da batirin ajiya saboda halin wutar lantarki, sun isa a fara. Wanda Allah ya hore wa, abu na farko da zai saya shi ne makirufo, kuma ya san cewa iri biyu ne suka fi yawa. Akwai irin wanda mawaƙa ke riƙewa a dandali, wanda ake kira dainamik, ba ya jin komai sosai sai abin da ke kusa da bakinsa. Akwai kuma kondensa, irin wanda ake gani a hotunan manyan situdiyo, mai kunnen da ke jin motsin ƙadangare a kan silin. Ido yakan so na biyun, amma a ɗakin da ba a gyara ba na farkon ne abokin tafiya. Samson Q2U misali ne na dainamik da ake haɗawa kai tsaye da kwamfuta. Mai yawon hira a ƙauyuka kuwa ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ta fi yi masa amfani, saboda da batir take aiki kuma tana ajiya a mimori.

Inda za a ɗauki murya

Makirufo yana da maƙiya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko hayaniyar waje, na biyu amsa-kuwwar cikin ɗaki.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan a ɗakin da faɗinsa mita 4 ne, murya za ta iya ƙetare shi sau 85 kafin daƙiƙa ta cika, tana dukan wannan bango tana komawa wancan. Idan bangon siminti ne mai sulɓi, ƙasa tayil, taga gilashi, babu abin da zai shanye ta, sai ta riƙa dawowa cikin makirufo a bayan asalin maganar. Shi ne mai sauraro zai ji kamar daga cikin rijiya kake magana. Wannan ne dalilin da ya sa ajin da ba kowa a ciki, wanda ɗalibai suka fi gudu zuwa gare shi ranar Asabar, yana cikin mafi munin wuraren ɗaukar murya. Babban ɗakin taro ya fi shi muni. Maganin amsa-kuwwa abu mai laushi ne: katifa a jingine da bango, bargo a rataye, labule mai kauri, darduma a ƙasa, kaya a jikin ƙusa, kantar littattafai. Ɗakin kwanan ɗalibai mai cike da tarkace ya fi ofishin da aka share tas. Gwajin kuma ba wuya. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In tafin ya mutu nan take, ɗakin ya yi. In ka ji ya bar wutsiya, a ƙara bargo.

Hayaniyar waje kuwa bargo ba ya tare ta. Nauyi ne ke tare sauti, wato bango mai kauri da ƙofar da ba ta da kafa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ado ne kawai, ba zai hana ƙarar janareton maƙwabci shigowa ba. A nan ne ginin kakanninmu ya yi wa na zamani fintinkau. Ɗakin laka mai kaurin bango da jinkar ciyawa, irin wanda har yanzu ake samu a ƙauyukan yankin, yana tare ƙarar waje, jinkar tana shanye amsa-kuwwa, kuma ruwan sama ba ya yin ganga a kanta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yin waya a ɗaki mai rufin kwano marar silin a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Damina a Kafanchan doguwa ce, takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, don haka wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Mota a tsaye, an kashe inji an ɗaga gilasai, ita ma wuri ce mai kyau saboda kujerunta, in dai an ajiye ta a inuwa.

Abin da bango ya kasa tarewa, lokaci yana maganinsa. Kowace unguwa tana da jadawalin hayaniyarta: zakara da asuba, injin niƙa da hantsi, 'yan acaɓa da manyan motoci a kan titin Kafanchan zuwa Zonkwa, lasifikar masallaci a lokutan salla, kiɗan majami'u ranar Lahadi da yammacin da mawaƙa ke gwaji, janareto da zarar magariba ta yi an ɗauke wuta. Mai shiri ya ɗauki kwana biyu yana saurare yana rubutawa, zai gano sa'a ɗaya ko biyu da unguwar take lafawa. A kashe fanka, a cire firij daga wuta, a sa wayar a yanayin jirgin sama domin kada kira ya katse ɗauka. Kada kuma a ɗauka waya tana jone da caji, saboda wani lokaci gurnanin wutar yakan bi waya ya shiga cikin sautin.

Sauran dabara ɗaya, wadda ta fi duk waɗannan arha, ita ce kusanci. A fili, duk lokacin da nisan baki da makirufo ya ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kimanin desibel 6, ita kuwa hayaniyar wurin tana nan yadda take. Saboda haka a riƙe makirufo kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkatar da shi gefe domin iskar f da h da ts kada ta buge shi. Ajiye waya a tsakiyar tabarma mutum biyar su kewaye ta shi ne tabbataccen hanyar samun shirin da ba mai iya saurare. Idan a waje ake hira, musamman da hunturu, a sa wa makirufon soso ko safa mai kauri, a juya wa iska baya. Wanda ya so ya yi shiri a kan ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya, kada ya yi hirar a bakin ruwan. Ya ɗauki ƙarar zubar ruwan daban na minti biyu, ya yi hirar a wuri mai shiru, sa'annan ya haɗa su a kwamfuta yadda ruwan zai zauna a ƙarƙashin magana.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Duk da haka akwai aikin da ke son situdiyo na gaske, kamar wasan kwaikwayo mai 'yan wasa da yawa, ko hira da babban baƙo. A cikin jami'a, wurin farko shi ne Sashen Koyon Aikin Jarida, domin ba a koyar da aikin rediyo sai da ɗakin gwaji. Wasu jami'o'in ma suna da tasharsu: BUK FM a Jami'ar Bayero ta Kano, da tashar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da KASU FM ta Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Matsalar ɗan reshen Kafanchan ita ce tashar tana can babban mazaunin jami'ar a Kaduna, tafiyar sa'o'i a mota. Wanda zai je, ya tara kashi uku ko huɗu ya ɗauke su a zama ɗaya. Bayan wannan sashe, a tambaya a sassan harsuna ko akwai ɗakin gwajin furuci, a leƙa sashen wasan kwaikwayo da na kiɗa in akwai su, a tuntuɓi cibiyar kwamfuta da laburare. Haka ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya zai yi a makarantarsa. Sau da yawa kayan suna nan a kulle a kabad, abin da ya rage a san wanda mabuɗin yake hannunsa.

Hanyar neman ma tana da ƙa'ida. Ba a tarar malami a kan baranda a ce "Malam, a ba mu aron situdiyo." Takarda ake rubutawa zuwa ga shugaban wancan sashe, ta hannun shugaban sashenku, a faɗi sunan shirin, da manufarsa, da yawan mutane, da rana da sa'o'in da ake bukata, da malamin da ya tsaya muku. Takardar da ta fito da sunan Ƙungiyar Ɗaliban Hausa ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A haɗa da minti biyar na abin da aka riga aka ɗauka da waya, domin shi ne shaidar cewa da gaske ake. In an amince, mutumin da ya fi kowa muhimmanci shi ne ma'aikacin da ke kula da na'urorin. A gaishe shi da girmamawa, a zo kafin lokaci, kada a taɓa maɓallin da bai nuna ba, a zo da filas na kai. Rabin koyon fodkas a wajensa za a yi shi, ta hanyar kallo da tambaya.

A wajen makaranta, Kafanchan tana da gidajen rediyo, akwai Rockside FM ta hukumar watsa labarai ta Jihar Kaduna, akwai kuma Salama Radio. Gidan rediyo wurin aiki ne mai jadawali, ba a shiga don a ari ɗaki kawai. Abin da ya fi dacewa shi ne a je da tayin da su ma za su amfana, alal misali shirin Hausa na mako-mako da za su iya watsawa, ko kuma ɗalibi ya nemi yin koyon aikinsa na hutu a can. Sai kuma ƙananan situdiyo na masu waƙoƙin bishara da na zamani, da manyan majami'u da makarantun Islamiyya masu na'urar haɗa sauti. Masu situdiyon waƙa sukan yi haya ne da sa'a, don haka a gama gwaji a gida kafin a shiga. A kuma gaya wa mai na'urar tun farko cewa magana za a ɗauka, kada ya sa mata amon da suke yi wa mawaƙa ado da shi.

Wanda matsalarsa kwamfuta ce ba ɗaki ba, ya tuna cewa Kafanchan ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a unguwar Bayan Loko tun lokacin da yawancin garuruwa ba su san intanet ba, har aikin ya ci kyautar Hafkin ta Afirka a 2001, daga baya kuma ta samar da intanet marar waya mai suna ZittNet. Saboda haka samun wanda zai nuna maka hannu a kan kwamfuta a garin ba abu ne mai wuya ba.

Gyara da ɗorawa

Manhajar Audacity kyauta ce, ta fito tun 2000 daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Abu huɗu mai farawa zai koya a cikinta: yankewa, haɗawa, daidaita ƙarfin murya, da rage ƙara. Domin na ƙarshen, a bar makirufo a buɗe na daƙiƙa 10 ba mai magana kafin a fara hira. Wannan shirun shi za a nuna wa manhajar ta gane muryar ɗakin ta rage ta. Amma a yi a hankali, in aka matsa mata sai muryar mutum ta koma kamar ta cikin gwangwani. Wajen ɗauka kuma, gara murya ta yi ƙasa kaɗan da ta yi sama ta fashe, domin ana iya ɗaga ta ƙasa, amma wadda ta fashe ba ta ɗinkuwa.

Shawarata wajen yanka ita ce a tausaya wa maganar tsofaffi. Tari da dogon shiru ana cire su, amma "to", da "ka ji ko", da ɗan jinkirin da mai ba da labari ke yi kafin ya saki zance, su ne gishirin. Wanda ya share su duka ya mayar da Baba mai karanta labarai.

Sai a tuna da aljihun mai sauraro. Minti 20 na sauti a tsarin WAV, layi ɗaya, ya haura megabait 100. Idan aka mayar da shi MP3 a kan kilobit 128 zai dawo wajen megabait 19, a kan kilobit 64 kuwa bai kai 10 ba, kuma ga magana zalla kunne ba zai ji wani babban bambanci ba. Ana ɗorawa kyauta a dandalin masu shirye-shirye na Spotify, wanda ya samo asali daga manhajar Anchor da kamfanin ya saya a 2019. Shi zai ba ka adireshin RSS da za ka miƙa wa Apple Podcasts da sauransu. Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, amma kada a yaudari kai, mutanenmu da yawa ta WhatsApp da Facebook da YouTube shirin zai iske su, wasu ma sai ta wajen masu tura waƙoƙi a mimori a bakin kasuwa. A ba su kofi su ma. Asalin WAV ɗin kuwa a adana shi a wuri biyu, a rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauka da harshen da aka yi magana da shi, a kuma ajiye kofi ɗaya a sashe domin masu bincike na gaba.

Izini da nauyin magana

Muryar mutum amana ce. Kafin a danna maɓalli a yi wa baƙo bayani da harshen da yake ji: "Mama, wannan magana da za mu ɗauka, duk mai waya a duniya zai iya jin ta. Kin yarda? Kina so a faɗi sunanki ko a sakaya?" A ɗauki amsarta a farkon faifan. Idan ƙauye aka shiga, a fara da gaisuwa wajen mai unguwa ko dagaci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙarfafa batun neman yarda, amma tun kafin doka al'ada ta riga ta wajabta shi. Haka nan kiɗan buɗe shiri. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ke nan waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba kayan tsintuwa ba ne. Ya fi sauƙi a nemi abokin da ya iya gurmi ko sarewa ya kaɗa daƙiƙa 20, da yardarsa.

Abu na ƙarshe ya fi shafar wannan yanki fiye da wasu. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 a kan magana ya fara, a tsakanin ɗalibai, kuma cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Katab ya biyo baya a 1992, sai na bayan zaɓen 2011. Duk wanda zai yi hira da dattawan yankin a kan tarihi, ko ta bakin wane ɓangare ne, zai ci karo da waɗannan raunuka ko bai neme su ba. A gidan rediyo akwai edita da manaja da za su saurari shiri kafin ya fita, mai fodkas kuwa shi ne editan kansa. Kuma guntun magana na daƙiƙa 30 yana iya fita daga cikin hirar sa'a guda ya zaga WhatsApp ba tare da abin da ya gabace shi ba. Don haka idan baƙo ya ambaci sunan wani ya ɗora masa laifi, ko ya yi wa wata ƙabila ko addini kuɗin goro, ba dole ne wannan wuri ya shiga abin da za a watsa ba. A bar shi a asalin faifan da ke ajiye a sashe. Kashin da ya taɓa irin wannan batu kuma, kafin a ɗora shi, a ba malamin da ke kula da shirin ya saurara, a kuma ba wani abokin karatu daga ɗaya ɓangaren, a tambaye shi wace jimla ce za ta tsaya masa a rai in a motar haya ya ji ta.